Doktora a fannin Jamusanci: yadda ake ajiye dosiye da yadda amsa ke fitowa

Daga watan Disamba zuwa Afrilu lokaci ne na zaman jira ga duk ɗalibin da ya ajiye takardun neman gurbin doktora a ƙasar waje. Ga wanda ya karanci Jamusanci, jiran ya fi nauyi, domin fannin ƙarami ne, guraben da ke da kuɗi ba su da yawa, kuma amsar da za ta zo ita ce za ta faɗi inda mutum zai yi shekara huɗu ko biyar na rayuwarsa. Iyaye da dangi su ma suna cikin jiran, sau da yawa ba tare da sun san abin da ake jira ba. Ga yadda abin yake tafiya a Jamus da Amurka da Faransa, da abin da kowace irin amsa take nufi.

Mene ne fannin, kuma ina ruwan Bahaushe da shi?

Iya magana da Jamusanci daban, nazarinsa daban. Fannin da Jamusawa ke kira Germanistik ya ƙunshi adabin zamani, da adabin tsakiyar zamanai, da kimiyyar harshe, da dabarun koyar da Jamusanci ga baƙi. Akwai kuma reshen da ke nazarin cuɗanyar al'adun Jamus da na wasu al'ummomi, wanda jami'ar Bayreuth ta yi suna a kansa. A yankinmu ana karanta fannin a jami'o'in Dakar, Abijan, Lome, Abomey-Calavi, Wagadugu da Yawunde.

Ɗalibi Bahaushe ba ya rasa abin da zai rubuta tez a kansa. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdul Karim, ya shiga Agadas a 1850, ya bi ta Tasawa a 1851, ya sauka Damagaram a ƙarshen 1852, sa'an nan ya wallafa labarin tafiyarsa cikin mujalladi biyar tsakanin 1857 da 1858. Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram da ya bi shi Turai, shi ne ya ba Schön, Bajamushe mai aikin mishan, labaran da suka shiga littafin Magana Hausa na 1885. Adam Mischlich, jami'in mulkin mallakar Jamus a Kete-Krachi, ya yi aiki da Alhaji Umaru, ya kuma fitar da ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906. Sashen Hausa na DW yana watsa shirye-shirye tun 1963. Wanda ya iya harsunan biyu yana iya karanta waɗannan rubuce-rubuce ta fuskar da Bajamushe ba zai iya ba, kuma wannan babban jari ne cikin dosiye.

Hanyar Jamus: malami kafin komi

A Jamus, mafi yawan masu doktora ba su shiga ta wata jarrabawa. Ɗalibi ne ke neman farfesan da zai yarda ya kula da aikinsa, wanda suke kira uban dokta ko uwar dokta. Ana rubuta masa wasiƙa gajera, a haɗa da tarihin karatu da tsarin bincike na shafi kamar 5 zuwa 10, mai nuna tambayar da ake son amsawa, da littattafan da za a yi aiki a kansu, da jadawalin shekaru. Wasiƙa ɗaya da aka raba wa malamai talatin ba tare da sauya ko harafi ba, galibi ba ta samun amsa. Farfesa yana son ya ga cewa an karanta aikinsa, an kuma san dalilin zaɓensa.

Amincewar malami ba ita ce ƙarshe ba. Kwamitin doktora na tsangayar ne ke duba ko mastar ɗin ɗalibi ya yi daidai da na Jamus. Suna dogara da wani rumbun bayanai mai suna anabin, inda aka jera jami'o'in duniya da matsayin takardunsu. Kwamitin yana iya karɓa kai tsaye, yana iya gindaya sharaɗin a ƙara wasu darussa, yana kuma iya ƙi. Ta fuskar harshe, wanda zai rubuta tez da Jamusanci ana sa ran ya kai matakin C1 ko C2, kuma ana tabbatar da hakan da jarrabawa irin TestDaF ko DSH ko ta cibiyar Goethe, wadda ke da rassa a Lome, Abijan, Dakar, Legas da Yawunde.

Hanya ta biyu ita ce makarantun doktora masu tsari, inda ake ɗaukar rukuni guda a lokaci guda, da ranar rufe karɓar takardu da ganawa da kwamiti. BIGSAS ta Bayreuth, da aka buɗe a 2007 don nazarin Afirka, tana cikinsu, haka ma makarantar Friedrich Schlegel ta nazarin adabi a Barlin.

Wani abu da ba kowa ya sani ba: a Jamus ko an yi sutnans an ci, ba a amfani da laƙabin dokta sai an wallafa tez ɗin, a littafi ko a rumbun intanet na jami'a.

Kuɗin fa?

Jami'o'in gwamnati a Jamus ba su karɓar kuɗin karatu daga mai doktora, in ban da ƴan ɗaruruwan yuro na rajista kowane zango. Matsalar tana ga ci da sha da haya. Wanda ba shi da burs ko kwangilar aiki, kafin a ba shi biza sai ya nuna yana da abin zama, galibi ta hanyar zuba kuɗi a wani asusu na musamman da ba a cirewa sai wata-wata. Tun watan Satumban 2024 adadin ya kai yuro 11,904 a shekara. Da yake yuro ɗaya sefa 655.957 ne, kuɗin ya haura miliyan 7 da dubu 800. Iyalai ƙalilan ne za su iya ɗaukar wannan nauyi shekara huɗu a jere.

Shi ya sa ido yake kan DAAD, hukumar musanyar ɗalibai ta Jamus da aka kafa a 1925, mai mazauni a Bon. Burs ɗinta na doktora a shekarar 2025 ya kai wajen yuro 1,300 a wata, wato kimanin jika 850, ban da inshorar lafiya da taimakon kuɗin jirgi, kuma ana iya sabunta shi har shekara huɗu. A ƙa'ida, kada takardar digirin ƙarshe ta wuce shekara shida da samu. Akwai kuma tsarin da ɗalibi zai ci gaba da rajista a jami'ar ƙasarsa ko ta maƙwabta, ya je Jamus na wani lokaci ƙarƙashin malami na biyu. Gidauniyoyi irin su Friedrich Ebert da Konrad Adenauer da Heinrich Böll su ma suna ba da tallafi, kowace da sharuɗɗanta. Wasu kuma suna samun aikin koyarwa da bincike a sashe, yawanci na rabin lokaci ko abin da ya ɗara hakan kaɗan.

Neman burs ɗin DAAD kyauta ne, ta shafin hukumar ake yin sa. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo gurbi, ɗan damfara ne.

Hanyar Amurka: kalanda ɗaya ga kowa

A Amurka sashe ne ke ɗaukar ɗalibi, ba malami guda ba. Ana rufe karɓar takardu tsakanin farkon Disamba da tsakiyar Janairu. Dosiyen ya ƙunshi wasiƙar bayyana manufa, da samfurin rubutu, wanda sau da yawa babi ne daga memwar, da wasiƙun shaida daga malamai uku, da sakamakon jarrabawar Ingilishi ta TOEFL ko IELTS. Kowace jami'a tana karɓar kuɗin ajiye takarda, sau da yawa kusan dalar Amurka 100, ko da yake wasu suna yafewa idan an roƙa da wuri. Karatun yana ɗaukar shekara biyar zuwa shida ko fiye: darussa da jarrabawa a farko, tez daga baya. Gurbi mai kyau yana zuwa da yafe kuɗin makaranta da albashin wata, shi kuma ɗalibi ya koyar da Jamusanci ga ƴan ajin farko.

Guraben sun ragu. Ƙididdigar ƙungiyar malaman harsuna ta MLA ta nuna cewa masu ɗaukar darasin Jamusanci a jami'o'in Amurka sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku tsakanin 2016 da 2021. Idan azuzuwa suka ragu, buƙatar masu koyarwa tana raguwa, sashe kuma ya ɗauki mutum ƙalilan a shekara.

Ga ɗan Nijar akwai wani shinge na daban. A watan Disamban 2025 gwamnatin Amurka ta saka Nijar cikin ƙasashen da aka dakatar da ba ƴan ƙasarsu bizar shiga, matakin ya soma aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ya kuma shafi ɗalibai. Takardar karɓa daga jami'a ba biza ba ce. Wanda ya samu gurbi a irin wannan hali, abin da ya rage masa shi ne ya tambayi sashen ko za a ɗage masa shiga zuwa wata shekara.

Faransa fa?

A da ita ce hanya mafi sauƙi ga wanda ya yi karatu da Faransanci: darektan tez, makarantar doktora, kwangilar shekara uku, har ma da damar raba kulawa tsakanin jami'ar Faransa da ta Jamus. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, ta kuma rufe ofishin jakadancinta a farkon 2024. Wannan ya sa hanyar ta yi wuya, ya kuma ƙara wa jami'o'in yankin daraja a idon masu nema.

Me ya sa amsa ke jinkiri?

A Amurka malaman sashe suna karanta takardu a Janairu, amma ba su iya yin tayi sai hukumar jami'a ta faɗi yawan guraben da ke da kuɗi. Waɗanda aka zaɓa da farko suna jin labari daga ƙarshen Janairu zuwa Maris. Bayansu akwai jerin masu jiran tsammani. Ɗaruruwan jami'o'i sun sa hannu kan wata yarjejeniya da ta ba ɗalibi damar yin shawara har ranar 15 ga Afrilu kafin ya amsa tayin da ke da kuɗi. Saboda haka wanda ke jerin jira ba ya motsawa sai wani na gabansa ya ƙi, kuma hakan yakan faru a kwanakin ƙarshe. Wasiƙun ƙi sukan zo daga baya, don sashe ba ya son rufe ƙofa kafin ya cika gurabensa. Shiru a Fabrairu ba ƙi ba ne. Shiru har ƙarshen Maris kuwa, ya kamata a fara duba wata hanya.

A Jamus agogon daban ne. Takardun DAAD galibi ana ajiye su a ƙarshen shekara, kwamitin farfesoshi ya zauna a kansu, sakamako ya fito bayan watanni, karatu ya soma a Oktoba. Farfesan da aka rubuta wa kai tsaye ba shi da ranar da aka ɗaure shi da ita. Daga tsakiyar Fabrairu zuwa Afrilu, da kuma daga tsakiyar Yuli zuwa Oktoba, ba a darussa, malamai da yawa suna wajen bincike. Tunatarwa ɗaya cikin ladabi bayan mako uku ko huɗu ba laifi ba ce. Wasiƙa kowace safiya tana ɓata dosiye.

Abin yi kafin amsa ta zo, da bayan ta zo

Ba a fafe gora ranar tafiya. Watannin jira su ne na sabunta fasfo, da fassara takardun lisans da mastar wajen mai fassara da hukuma ta yarda da shi, da buga musu hatimi, da neman ranar jarrabawar harshe, wadda ga ɗan Maraɗi ko Tawa tana iya nufin tafiya wata ƙasa.

Idan amsa ta zo, a karanta ta sau biyu. Saƙon farfesa mai cewa ya ji daɗin aikin ba takardar karɓa ba ce. Takardar karɓa kuma ba alkawarin kuɗi ba ce. Tambayoyin da ya kamata a samu amsarsu a rubuce su ne: shekara nawa kuɗin zai ɗauka, nawa ne a wata, wa ke biyan inshorar lafiya, awa nawa za a koyar, kuma ko ana iya zuwa da iyali. Malamin lise ko ma'aikacin gwamnati kada ya ajiye aikinsa sai takardar kuɗi da biza sun shiga hannu, don kada a saki reshe a kama ganye. Zai fi kyau ya nemi izinin tafiya ƙarin karatu daga ma'aikatarsa.

Wanda aka ƙi kuma, ba hukunci aka yanke wa basirarsa ba. A fanni mai ƙarancin gurbi, sau da yawa dalilin shi ne babu malamin da ke aiki kan batunsa, ko kuɗin shekarar ya ƙare. Ana iya sake nema badi da tsarin bincike da aka gyara da takardar harshe mafi ƙarfi. Ana kuma iya yin rajista a Lome ko Abijan ko Dakar ko Yawunde, a nemi tallafin zuwa Jamus na ƴan watanni don shiga ɗakunan karatu. Ga mai burin koyarwa a jami'o'in yankin, inda CAMES, hukumar da aka kafa a 1968 mai mazauni a Wagadugu, ke tantance takardu da ƙarin girma, abin da ake dubawa shi ne ingancin tez da rubuce-rubucen da mutum ya wallafa bayanta.