Sauya Injin Motar Dizal da Mai Ƙarin Ƙarfi: Tace Gaskiya daga Jita-jita

A ƙasar Amurka, manyan motocin a-kori-kura masu amfani da man dizal, wato na kamfanonin Ford da Ram da Chevrolet da GMC, su ne abin dogaron manoma da magina da masu jan tirela, kuma sau da yawa gangar jikin motar takan kasance da sauran ƙwari a lokacin da injinta ya buga. Wannan ne ya haifar da babbar kasuwa ta injunan canji, inda wasu kamfanoni ke sake gina tsofaffin injuna, su sanya musu sassan da suka fi na asali ƙwari, su sayar da su a matsayin injuna masu ƙarin ƙarfi. Da yake kuɗin irin wannan inji yakan kai wani babban kaso na darajar motar baki ɗaya, maganganu iri-iri suna yawo tsakanin masu motoci da makanikai da dillalai, wasu gaskiya ne, wasu rabin gaskiya, wasu kuwa ba su da tushe. Abin da zai raba su shi ne sanin yadda injin yake aiki, da abin da doka ta tanada, da kuma lissafin abin da kowane mil na tafiya zai ci.

Cewa farashin da aka tallata shi ne kuɗin da za a kashe

Wannan magana ba gaskiya ba ce, domin kalmar inji a bakin dillali tana iya nufin abu uku daban-daban. Na farko shi ne rabin inji, wanda ya ƙunshi gangar injin da fistin da sandunansu da sandar da suke juyawa, ba tare da kan silinda ba. Na biyu shi ne wanda aka ɗora wa kan silinda da bawul-bawul ɗinsa, amma babu nozul, babu famfon mai, babu turbo, wato na'urar da hayaƙin salansa ke juyawa domin ta cusa ƙarin iska cikin inji. Na uku shi ne cikakken inji da ake saukewa daga akwati a ɗora a mota. Wanda ya sayi na farko ko na biyu zai mayar da tsofaffin sassansa a kai ko ya sayi sababbi, kuma a injunan zamani nozul da famfo da turbo suna cikin sassa mafi tsada.

Bayan wannan akwai kuɗin ajiya da mai sayarwa yake riƙewa har sai an aika masa da tsohon injin, wanda zai iya hanawa duka ko wani ɓangare idan ya tarar gangar ta tsage ko ta huje. Akwai kuma kuɗin dako da ladan aiki, wanda ba ƙarami ba ne, musamman a motocin Ford na shekarun 2008 zuwa 2010, inda makanikai sukan ɗaga kan motar gaba ɗaya daga kan shasi kafin su kai ga inji.

Cewa injin da aka sake ginawa tsoho ne kawai da aka wanke aka shafa wa fenti

A nan akwai ƙarya da gaskiya a cakuɗe. Injin da aka ciro daga motar da ta yi hatsari ana sayar da shi ne yadda yake, da duk lalacewar da ke cikinsa. Injin da aka yi wa garambawul a gareji kuwa ana canza masa abin da ya lalace ne kawai, a bar abin da ake ganin yana da sauran amfani. Sake gini na masana'anta ya bambanta da waɗannan biyun, domin ana warware injin ne gaba ɗaya, a binciki ƙarfensa ko akwai tsaga, a goge ramukan silinda da fuskar ganga da na'ura har su koma ma'aunin da kamfanin asali ya ƙayyade, a sanya sababbin fistin da ringi da gaskit, sannan a gwada shi kafin ya fita. Gaskiyar da ke cikin jita-jitar ita ce ba kowane mai sayarwa ne yake amfani da waɗannan kalmomi da ma'ana ɗaya ba, saboda haka abin dogaro shi ne rubutaccen jerin sassan da aka canza da takardar sakamakon gwaji.

Cewa inji mai ƙarin ƙarfi ya fi na asali daɗewa

Wannan magana tana zama gaskiya ne idan gyaran ya magance wani sanannen rauni, kuma babu misalin da ya fi injin Power Stroke mai lita 6.0, wanda kamfanin Navistar ya ƙera wa Ford, aka sanya shi a manyan a-kori-kura daga 2003 zuwa 2007. A wannan inji, ruwan sanyaya inji yana fara bi ta cikin na'urar sanyaya baƙin mai mai ƙananan hanyoyi, daga nan ya wuce zuwa na'urar da ke sanyaya hayaƙin da ake mayarwa cikin inji domin rage gurɓata iska. Idan laka ta toshe na'urar farko, ta biyun takan rasa ruwa, ta yi zafi ta tsage, ruwa ya kwarara cikin silinda. Kusoshin da ke daure kan silinda kuma huɗu ne kewaye da kowane silinda, alhali injin da ya gabace shi mai lita 7.3 yana da shida, don haka idan matsi ya yi yawa sukan miƙe, gaskit ya ƙone. Injin canjin da ya zo da kusoshi masu ƙwari da ingantattun na'urorin sanyaya ya rufe waɗannan ƙofofi, kuma ana sa ran zai fi na asali jurewa.

Sai dai ƙwarin sassa daban, ƙarin ƙarfi daban. Ana ƙara wa injin dizal ƙarfi ne ta hanyar ƙara man da ake fesawa da iskar da ake cusawa, abin da ke ƙara matsi da zafi a cikin silinda. Fistin yawancin waɗannan injuna na alminiyam ne, ƙarfen da ke narkewa a wajen digiri 660 na ma'aunin Salshiyas, kuma abin da ke kare su shi ne baƙin man da ake fesa musu daga ƙasa da gajeren lokacin da wuta ke ɗauka a kansu. Motar da ke jan kaya mai nauyi a doguwar hawa da injin da aka buɗe wa mai tana iya wuce iyakar da wannan kariya za ta ɗauka. Sassa masu ƙwari da aka bari a kan ƙarfin asali suna ƙara wa inji kwana, amma idan aka cinye wannan rarar wajen neman ƙarin ƙarfin doki, an koma inda aka fito.

Cewa da zarar an ɗora sabon inji matsala ta ƙare

Wannan kuskure ne da ke jawo asara mai yawa, domin abin da ya kashe tsohon inji sau da yawa yana wajensa ne, kuma yana nan yana jiran sabon. Nozul mai yoyo yana iya huda sabon fistin, lagireto da ya toshe zai sa sabon inji zafi, kuma ɓarɓashin ƙarfen da tsohon injin ya zubar yakan maƙale a na'urar sanyaya baƙin mai, shi ya sa masu sayarwa da yawa suke sharɗanta canza ta kafin su ba da garanti. Famfon mai na Bosch samfurin CP4 ya nuna girman wannan haɗari. An sanya shi a injin Ford mai lita 6.7 tun daga 2011, da injin Duramax na motocin Chevrolet da GMC na 2011 zuwa 2016, da motocin Ram na 2019 da 2020. Man dizal ɗin da yake turawa shi ne kuma yake shafe sassansa, don haka idan ruwa ko iska suka shiga man, ko man ya rasa santsi, ƙarfe yakan goge ƙarfe, garin ya bi bututu zuwa nozul har ya koma tanki. A shekarar 2021 kamfanin Ram ya janye motoci sama da dubu ɗari biyu domin canza wannan famfo. Wanda ya ɗora sabon inji a kan gurɓataccen layin mai ya sayi matsalar da ya guje wa.

Haka nan akwatin giya da kuloci da sandar da ke kai juyi zuwa tayoyi an ƙera su ne daidai da ƙarfin murɗawa na injin asali, wato ƙarfin da inji ke juya sanda da shi, wanda shi ne ke tayar da kaya mai nauyi. Injin Cummins na farko da aka sanya a Dodge Ram a 1989 yana da ƙarfin doki 160 da ƙarfin murɗawa 400 a ma'aunin Amurka, yayin da babban injin Ford na 2023 ya kai ƙarfin doki 500 da murɗawa 1,200, kuma kowane zamani ya zo da akwatin giyarsa. Ɗora ƙarfin wannan zamani a kan giyar wancan yana nufin kuɗin sake gina giya ya shiga lissafi.

Cewa cire na'urorin tace hayaƙi gyara ne da babu laifi a cikinsa

Tun daga 2007 motocin dizal na Amurka suke zuwa da matatar da ke kama baƙin toka a salansa, daga wajen 2010 kuma aka fara ƙara tsarin fesa ruwan yuriya domin rage iskar da ke cutar da huhu. Gaskiya ne waɗannan na'urori suna lalacewa kuma gyaransu yana da tsada, amma Dokar Tsabtar Iska ta Amurka ta haramta cire su daga motar da aka yi wa rajistar hawa titi, kuma rubuta cewa kayan na tsere ne kawai ba ya halatta hakan. Wani rahoto na Hukumar Kare Muhalli ta Amurka a 2020 ya ƙiyasta cewa an cire su daga motocin a-kori-kura sama da 550,000 cikin kusan shekara goma, kuma a ƙarshen 2023 aka sanar cewa kamfanin Cummins kansa ya amince ya biya tarar dala biliyan 1.675 kan zargin sanya manhajar kauce wa gwajin hayaƙi a motocin Ram. Ƙa'idar hukumar kuma ba ta yarda a ɗora injin da ya girmi motar ba, don haka sha'awar da wasu ke yi ta sanya tsohon Cummins mai lita 5.9, samfurin da ba shi da kwamfuta, a sabuwar mota ta saɓa wa doka, kuma motar tana iya faɗuwa a gwajin hayaƙi a jihohin da ke yinsa, irin su Kalifoniya.

Cewa duk wani gyara yana soke garanti

Dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai an yi amfani da sashen da ba nasa ba, sai idan sashen ne ya jawo lalacewar. Wannan kariya ba ta da ƙarfi sosai ga wanda ya canza manhajar kwamfutar inji domin ƙara mai, tunda danganta ƙonewar gaskit ko narkewar fistin da ƙarin matsi abu ne mai sauƙi. Ya kamata kuma a duba ko garantin injin canji ya haɗa da ladan aiki, da ko ya shafi motar da ake kasuwanci da ita.

Cewa kuɗin da aka kashe zai dawo ranar sayar da mota

Da wuya hakan ta faru, domin mai saye yana yi wa mota kuɗi ne bisa shekarunta da yanayin jikinta, kuma wasu masu sayen suna gudun injin da aka ƙara wa ƙarfi don zaton an wahalar da shi. Ana cin amfanin injin canji ne a wajen aiki, kuma ana auna shi ta hanyar raba jimillar kuɗin da aka kashe da tafiyar da za a samu. A matsayin misali na lissafi kawai, idan injin da aka ciro daga wata mota ya ci dala 9,000 har da aiki kuma ya yi mil 60,000, kowane mil ya tashi a kan santi 15, alhali injin da aka sake ginawa a kan dala 20,000 da ya yi mil 200,000 ya tashi a kan santi 10. A wannan yanayi karin maganar nan ta araha ba ta ado ta tabbata. Amma idan shasin motar ya yi tsatsa, kamar yadda yake faruwa a jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara irin su Mishigan da Ohayo, har motar ta tsaya bayan mil 50,000, mai tsadan ya koma santi 40, mai arahan kuma santi 18.

Wannan lissafi ya shafi masu manyan motoci da ke sayen injunan da aka shigo da su daga Turai da Amurka a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, tare da ƙarin abu guda. Injunan da ke da matatar toka an ƙera su ne domin man da sinadarin sulfa a cikinsa bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba, ma'aunin da Amurka ta koma kansa a 2006, kuma man da ya wuce haka sosai yana saurin toshe matatar. Saboda haka, kafin a tambayi ƙarfin dokin inji, ana bukatar a san abin da ya kashe na farko, da sauran kwanan shasi da giya, da nauyin kayan da motar ke ɗauka, da irin man da za ta riƙa sha a hanyar da take bi.