Rage wa Ƙarfen Sabis Kaya: Yadda Kamfanin Waya Ke Juya Data Zuwa Wi-Fi

Dodoru gari ne a ƙasar Gwandu, cikin Jihar Kebbi, kasuwarsa kuwa tana cikin kasuwannin hatsi waɗanda masu lura da tsadar abinci a Afirka ta Yamma su ke rubuta farashinsu. Duk wanda ya saba cin babbar kasuwa irin wannan, ko ta Jega, ya san wani hali na wayar hannu. Sa'ad da kasuwa ta cika ta batse, sai mutum ya ga alamar sabis cike a fuskar wayarsa, amma saƙo ya ƙi tafiya, kuɗin da a ka tura kuma su ƙi shiga, mai saye da mai sayarwa su tsaya cirko-cirko. Nufin wannan takarda shi ne bayyana dalilin haka, da wata dabara da kamfanonin waya su ke yi don maganinsa, da kuma sharuɗɗan da sai sun cika kafin dabarar ta yi amfani a wuri irin Dodoru.

Mafarin cunkoso

Wayar hannu tana magana da ƙarfen sabis ta igiyar rediyo, kowane kamfani kuwa yana da zangon da hukuma ta keɓe masa, ba ya ƙetarewa. Zangon nan abu ne mai iyaka, mai tsada kuma. A watan Janairu na 2001, da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta yi gwanjon lasin na farko, MTN da Econet kowannensu ya ci lasin a kan dala miliyan 285. A watan Disamba na 2021 kuma MTN da Mafab kowannensu ya ci gwanjon zangon 5G a kan dala miliyan 273.6.

Abin lura a nan shi ne, ƙarfin da ƙarfen sabis guda ya ke da shi rabawa a ke yi tsakanin dukan wayoyin da ke ƙarƙashinsa. In mutum hamsin ne, kowa ya sami rabo mai kauri, in kuwa dubu biyar ne, sai rabon ya sirance har ya kasa ɗaukar kome. Alamar sabis da ke kan waya tana nuna kusancin mutum da ƙarfe ne kaɗai, ba ta faɗin yawan waɗanda su ke turereniya a kansa. Da can, lokacin da magana da gajeren saƙo ne kawai kayan da a ke ɗora wa layi, abin bai tsananta ba. Amma tun da a ka ba da lasin 3G a 2007, manyan kamfanoni kuma su ka fara 4G a 2016, hoto da bidiyo su ka zama su ne galibin kayan, bidiyon minti ɗaya kuwa ya fi maganar minti ɗaya nauyi ninkin-ba-ninkin.

Kamfani yana iya sayen ƙarin zango, ko ya kafa ƙarin ƙarafa, ko ya sauya na'urorinsa da sababbi, dukansu kuwa sai da kuɗi masu yawa da lokaci mai tsawo. Hanya ta huɗu ita ce ya rage wa ƙarfen kaya, ya juya wani kashi na data ya bi ta Wi-Fi.

Yadda a ke juyawa

Wi-Fi ma igiyar rediyo ce, amma tana aiki a zangon da ba a sayarwa, galibi na 2.4 da na 5 gigahaz. Hukumar sadarwa ta Amurka ce ta fara buɗe irin wannan zango ga kowa a 1985, a ka tsara ƙa'idar na'urorin a 1997, sunan Wi-Fi kuma ya fito a 1999. Sharaɗin da a ka gindaya shi ne kada na'ura ta yi ƙarfi da yawa, sabo da haka ba ta kai wa nesa, iyakarta 'yan mitoci goma-goma a cikin gini, ko kimanin ɗari a fili.

Gajartar nan ita ce amfaninta. Ƙarfen sabis kamar sanƙira ya ke, muryarsa ta game gari, amma in yana shela dole saura su saurara. Wi-Fi kuwa kamar hirar zaure ce, wadda ba ta wuce ƙofar gida, don haka zauruka ɗari su na iya hira a lokaci guda ba wanda ya dami wani. Akwatin Wi-Fi ɗari a cikin gari ɗaya su na iya maimaita zango guda, kowanne yana ɗauke da nasa mutane.

Juyawar iri biyu ce. Akwai wadda mai waya ya ke yi da kansa, in ya shiga gida ko ofis ya kama Wi-Fi na wurin. Akwai kuma wadda kamfanin waya ya ke yi, ya kafa akwatunansa a tasha ko kasuwa ko makaranta, ita ce a ke magana a kanta a nan. Wuyar da a ka fara gamuwa da ita ita ce shiga, gama mutane ba su son tsayawa neman suna da rubuta lambar sirri. Sai a ka tsara yadda sim ɗin da ke cikin waya zai zama shi ne shaida. An buga ƙa'idar wannan, mai suna EAP-SIM, a 2006, sa'an nan a 2012 ƙungiyar masu ƙera kayan Wi-Fi ta fito da tsarin Passpoint. Da waɗannan, waya ta kan gane akwatin kamfaninta da kanta, ta gabatar da sim, a tabbatar da shi, ta koma can ba tare da mai ita ya taɓa kome ba. Kamfani kuma yana ci gaba da lissafin abin da a ka ci, abin da ke tafiya tsakanin waya da akwati kuwa a kulle ya ke, ba kamar buɗaɗɗen Wi-Fi ba, wanda na kusa ke iya leƙawa.

Inda a ka gwada

A Amurka, bayan fitowar iPhone a 2007, layin kamfanin AT&T ya cika a manyan birane, sai a 2008 ya sayi kamfanin Wayport a kan dala miliyan 275, ya mallaki wuraren Wi-Fi kusan 20,000. A Faransa, da kamfanin Free ya fara harkar wayar hannu a 2012, sai ya mai da akwatunan intanet da ke gidajen masu hulɗa da shi su ka zama masaukin wayoyin abokan cinikinsa. Kamfanin Cisco ya ƙiyasta cewa a 2015 kashi 51 cikin 100 na datar wayoyin duniya ta Wi-Fi da makamantansa ta bi, a 2016 kuma ta kai kashi 60, ko da ya ke mafi yawan wannan na gida da ofis ne.

Akwai kuma darasi daga ƙasar Sin. Kamfanin China Mobile ya kafa akwatuna fiye da miliyan 4 a lokacin da layinsa na 3G ba shi da ƙarfi, amma da 4G ta kankama daga 2014, sai jama'a su ka rage kula su. Ke nan mutum ba ya barin layinsa sai in abin da a ka ba shi ya fi shi sauri ko araha.

Halin Nijeriya da ƙasar Gwandu

A Nijeriya, sanannun gwaje-gwajen Wi-Fi na jama'a ba manyan kamfanonin waya ne su ka yi su ba. Google ya buɗe Google Station a Legas a 2018, ya rufe shirin a 2020. Facebook ma ya yi Express Wi-Fi tare da kamfanonin intanet irin su Tizeti, ya daina a 2022.

To, a nan ne ya kamata malami ya tsaya ya fahimci tushen al'amarin. Akwatin Wi-Fi ba ya ƙirƙirar intanet, miƙawa kawai ya ke yi, sai da ruwan ciki kuwa a kan ja na rijiya. In ba a haɗa shi da wata hanya dabam ba, kamar zaren gilashi da a ke binnewa a ƙasa, wanda a ke kira faiba, to, ba abin da ya rage. Ɗan akwatin nan da a ke sa wa sim, wanda ya yawaita a shaguna da ofisoshi, ko da ya ke Wi-Fi ya ke bayarwa, daga ƙarfen sabis ya ke ɗebowa. Mutum goma da su ka kama shi su na nan a kan ƙarfen da su ka gudo daga gare shi, sai dai sun shiga ta ƙofa ɗaya.

Faiba kuwa daga bakin teku ta ke tasowa. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 na 2010, da WACS na 2012, da Equiano na 2022, duk a Legas su ka sauka, tsakaninsu da Birnin Kebbi kuwa tafiyar ɗaruruwan kilomita ce. Kowace mita sai an haƙa, an kuma biya kuɗin izinin hanya, wanda a 2013 a ka daidaita da jihohi a kan naira 145. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000.

Sharuɗɗa uku ke nan su ka bayyana: taron jama'a a wuri ƙarami, da faiba a kusa, da wutar lantarki wadda ba ta yankewa, ko ta sola ce. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda a ka kafa a 2013, mazauninta yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, irin wuraren da dabarar ta dace da su ne, gama ɗalibai su na taruwa a ɗakunan karatu da na kwana kullum. Filin bikin kamun kifi na Argungu da kasuwar Dodoru su na da taro, amma na lokaci-lokaci ne, dole kamfani ya auna ko cinikin ranar taro zai biya jan faiba da tsaron kaya a sauran ranaku. Amma ƙauyuka da rugage da gonakin da ke warwatse tsakanin Gwandu da Kalgo, akwatin da ba ya wuce mita ɗari ba zai yi musu kome ba. Abin da su ke bukata shi ne ƙarfen sabis mai aiki a zangon ƙasa, kamar na 800 ko 900 megahaz, wanda ke cin kilomitoci masu yawa. Irin wannan aiki ne dokar sadarwa ta 2003 ta kafa wa asusun USPF.

Batun kalma

Kalmar da Turawa su ke kiran wannan dabara da ita ma'anarta sauke kaya daga kan abin hawa. Amma "sauke" ta riga ta sami aiki a bakin masu waya, gama a kan ce an sauke bidiyo ko manhaja, watau an jawo su cikin waya. In malami ya ce "sauke data", ɗalibi zai ɗauka wancan a ke nufi. "Juye" ma ba ta dace ba, don tana nuna an kwashe duka, alhali kuwa ƙarfen sabis yana nan da sauran kayansa. "Juya" ta fi kusa, gama tana nuna sauyin hanya, "rage wa" kuma tana tilasta a faɗi wanda a ka sauƙaƙa wa. Sabo da haka ya fi kyau a ce an rage wa ƙarfen sabis kaya, an juya data zuwa Wi-Fi. Ɗalibin da ya riƙe jimlar haka zai tambaya da kansa, ta wace hanya kayan su ka bi bayan an juya su, amsar wannan tambaya kuwa ita ce za ta nuna masa ko akwatin da a ka kafa a garinsu ya rage cunkoso ko bai rage ba.