Sikila: Laifin Da Ake Ɗora Wa Uwa

Jariri ɗan wata shida ya fara kumburin yatsun hannu da na ƙafa, yana tsala kuka dare da rana. A asibiti aka ce sikila ce. Kafin a iso gida dangin miji sun yanke hukunci, wai daga jinin uwar ne. An saki mata kan wannan magana, an yi wa wasu kishiya, kuma zalunci ne tsagwaronsa. Yaro ba ya zama SS, wato mai sikila, sai ya karɓi S ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan uban AA ne, wato ba shi da S, ko da uwar mai sikila ce, ɗansu ba zai wuce AS ba, wato mai S ɗaya kawai.

Cewa gadonta ake yi gaskiya ne. Ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ba a ɗaukarta ta cin abinci a kwano ɗaya.

Akwai wani lissafi mai haɗari da ya bazu. Mutane sun ji likita ya ce idan AS ya auri AS, yiwuwar haihuwar mai sikila ɗaya cikin huɗu ne, sai suka ɗauka in na fari ya zo da ita, uku masu zuwa sun tsira. Ko kaɗan. Kowane ciki da nasa lissafin, shi ya sa za ka ga gida mai masu sikila uku a jere.

Auren zumunci fa? Ba shi ke ƙirƙirar cutar ba, sai dai in S na yawo a dangi, yana ƙara yiwuwar haɗuwarsu. Amma bare biyu masu AS ma haɗarinsu ɗaya ne, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Shi mai AS ba majinyaci ba ne, yana ma da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani.

Maganar wai masu sikila ba sa kai shekara 20 ta fi ci mini rai, domin tana sa iyaye su yi sakaci da kula. Da rigakafi, da gidan sauro, da yawan shan ruwa, da maganin Hydroxyurea bisa umarnin likita, da yawansu sun yi karatu, sun yi aure, sun haihu. Dashen ɓargo na warkarwa, sai dai tsada da wuyar samun wanda jininsu ya dace.

A 2024 jihar Kano ta wajabta gwaji kafin aure. A lura, sanin cewa jininka O ne ko B ba shi ne gwajin sikila ba. A yi shi a asibitin da aka yarda da shi, tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.