Masu Sassaƙa Zallij a Birnin Fas

'Yan Tijjaniyyar ƙasarmu da Allah ya nufa da ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas, birnin da ya rasu a cikinsa a 1815, sukan dawo da labarin bangon wurin: taurari kore da shuɗi da fari, an sarƙa su cikin juna, ido ya yi ta bin layi bai kai ƙarshensa ba. Da yawa sukan ɗauka tayil ne irin na kwali, wanda injin kamfani ya buga wa zane. Ba haka ba ne. Kowane tsinin tauraro, kowane siririn layi da ya ratsa tsakani, guntu ne mai zaman kansa da wani bawan Allah ya zauna a ƙasa ya sassaƙa da hannu. Wannan aiki shi ake kira zallij, kuma Fas ce uwar gidansa a Maroko.

Daga rami ake farawa. Yumɓun da ake haƙowa a kewayen Fas launin toka gare shi, kuma amfaninsa shi ne idan aka toya shi yana saruwa da ƙarfe ba tare da ya tarwatse ba. A jiƙa shi a kududdufi har ya narke, a tsince duwatsu, a kwaɓa da ƙafa da hannu, sannan a danna shi cikin ma'aunin katako mai kusurwa huɗu. A shanya a rana. In ya fara ɗaukar jiki sai a bubbuga shi ya daidaita, a datse gefensa ya koma kamar santimita 10 kowane ɓari, a sake shanyawa. Shi ya sa bazara ce kakar wannan mataki. Da sanyi da ruwan hunturu aikin sai ya yi ta jan ƙafa.

Sau biyu ake toyi. Na farko na tsuran yumɓu ne, na biyu kuwa bayan an tsoma fuska ɗaya cikin ruwan launi. Jan ƙarfe ke ba da kore, kobalt ya ba da shuɗi, kuza ta ba da fari, manganis ya ba da baƙi-baƙi. Makamashin gargajiya tunkuzar zaitun ce, wato abin da ya rage bayan an tatse mai. Wutarta tana da ƙarfi, amma ba ta dafa matoya daidai wa daida: ƙasa ta fi sama zafi, don haka mai toyi yana jera kowane launi a hawan da ya san zai jure. Duk da haka tayil biyu da aka tsoma a kwano ɗaya ba sa fitowa iri ɗaya sak, wani ya ɗan fi duhu, wani ya yi tabo. Wannan saɓani ne ke sa bangon zallij yana walƙiya kamar yana motsi.

Sai dai har yanzu ba a zo wurin aikin ba. Abin da ya fito daga wuta falle ne mai launi ɗaya, kowa ma zai iya manna shi. Sana'ar tana hannun mutum uku da ke zaune a jere a ƙasa, ƙafa a tanƙwashe. Na farko mai zane ne: ya ɗora samfurin guntun da ake so a kan fallen, ya bi gefensa da tsinke da tawada, ya sake ɗorawa, yana dabarar yadda zai fitar da gutsattsari da yawa ba tare da ɓarna ba. Na biyu masassaƙi, mai riƙe da manƙash, wani ƙarfe mai nauyi mai baki biyu, tsakanin guduma da gizago. Yana dafa gwiwar hannunsa a kan gwiwar ƙafarsa don sara ya sauka wuri ɗaya, ya ɗora fallen a gefen wani ƙarfe ko dutse da ke gabansa, hannun hagu na juya fallen, na dama na sara. Manƙash ɗin bai cika matsawa ba. Fallen ne ke zuwa ya same shi. Tsakanin bakin manƙash da babban yatsa ba ya wuce faɗin ƙwayar shinkafa. Na uku shi ke gyara baki: ya shafte bayan guntun ya yi siriri ta ƙasa, fuskar ta fi gindin faɗi, ta yadda in an jera fuskoki za su haɗe ba rata, siminti kuma ya sami wurin shiga ta baya.

Siffofin nan ɗaruruwa ne, kowace da sunanta, irin su hatimi, tauraron nan mai tsini takwas. Wasu ba su kai farcen ɗan yatsa ba. Wanda ya shiga rumfar masassaƙa abin da zai fara ji shi ne ƙas-ƙas-ƙas ba tsayawa, da ƙura a gashin ido, da kwanduna kowanne cike da siffa ɗaya launi ɗaya.

Daga nan sai mai shimfiɗa, kuma a ganina nan ne abin mamakin yake. A kife yake jera aikin. Za a share daɓe mai santsi, a ja layukan da za su yi masa jagora, ya fara daga tsakiyar tauraro yana ajiye guntu-guntu fuskarsu a ƙasa. Abin da idonsa ke gani bayan yumɓu ne kawai, duk launi ɗaya. Wanne ne kore, wanne ne shuɗi, yana cikin kansa da kuma kwandon da ya ɗebo. Zanen ma a juye yake, dama ta koma hagu. In ya gama sai a yayyafa garin siminti, a kwarara kwaɓi a baya, a bar shi ya bushe. Ranar da aka ɗaga allon aka jingina shi ne kowa zai ga abin da aka yi, har shi mai aikin. In an sa baƙi a gurbin rawaya, to, sai dai a haƙe shi da ƙarfe, kuma babban malamin rumfar zai gane tun daga bakin ƙofa.

Shi malamin ne ke da zanen. Da kamfas da ma'auni yake fitar da tauraro mai tsini 8, ko 12, ko 16, ko 24, ya san siffa nawa za ta shiga, guntu nawa za a sara na kowace. Yawancin wannan ilmi ba a littafi aka gaje shi ba, a gindin malami aka ɗauke shi.

Tarihinsa a Maroko ya kai ƙarni na 12, don akwai shi a saman hasumiyar masallacin Kutubiyya a Marrakesh. Amma sarakunan Banu Marin ne suka kai shi ƙololuwa a makarantun da suka gina a Fas, kamar Attarin da aka gama a 1325, da Bu Inaniyya ta Sarki Abu Inan a shekarun 1350. Irinsa ne a fadar Alhambra ta Andalus. Sarki Ahmad al-Mansur, wanda rundunarsa ta karya daular Songhai a 1591, ya ƙawata fadarsa ta Badi da shi. A birnin Tetuwan kuwa hanyar masu zallij daban ce: suna yanka siffar tun yumɓu yana ɗanye, sannan a toya. Ya fi sauƙi, launin ya fi daɗewa, amma bakin ba ya haɗuwa tsaf kamar na Fas. A zamaninmu, ginin Masallacin Hassan na Biyu a Kasabalanka, daga 1986 zuwa 1993, ya tara dubban masu sana'ar hannu, ya farfaɗo da rumfunan da suka fara mutuwa.

Wanda ya ga bangon fada zai zaci masu yin sa suna cikin daula. Ina! Masassaƙi yakan ci gwargwadon abin da ya sara ne, ya wuni a tanƙwashe, baya da gwiwa su fara ƙorafi tun bai tsufa ba. Ƙurar yumɓu tana shiga ƙirji, ruwan launi na gargajiya kuma akwai dalma a ciki. Baƙin hayaƙin tunkuza ya sa hukuma ta yi ta matsar da matoya daga gari, daga Ain Nokbi zuwa Benjellik a bayan birni, wasu kuma sun koma toyi da gas. A da yaro yakan shiga rumfa tun yana ƙarami, ya fara da tsince gutsattsari da ɗaukar kwando, ya yi shekaru kafin a miƙa masa manƙash. Yanzu dokar ƙwadago ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 15 ba, kuma hakan daidai ne, ko da tsofaffin malamai suna gunaguni cewa hannu ya riga ya sandare. Gwamnati ta buɗe makarantu, har da kwalejin sana'o'in gargajiya da ke haɗe da Masallacin Hassan na Biyu tun 2012.

Kasuwa kam ta buɗe. Zallij ya zama abin yayi a kicin da banɗakunan masu hali a Turai da Amurka, har ya zama abin faɗa tsakanin ƙasashe: a 2022 ma'aikatar al'adun Maroko ta kai kuka ga kamfanin Adidas kan wata rigar 'yan ƙwallon Aljeriya mai zanen zallij, kamfanin ya ce daga fadar Mishwar ta birnin Tilimsan a Aljeriya ya ɗauko zanen, daga baya aka sasanta. Amma a duba abin da 'yan kasuwar waje suka fi saya: fallaye masu kusurwa huɗu, launi ɗaya, fari ko kore, waɗanda kowane mai sa tayil zai iya mannawa. Wannan ciniki yana ciyar da mai kwaɓa da mai toyi da mai datse gefe. Ba ya buƙatar wanda ya san siffa ɗari da sunayensu, ba ya buƙatar mai jera tauraro a kife. Su waɗannan aikinsu ya dogara ne ga masallatai, da otal-otal, da gyaran tsofaffin gidajen cikin ganuwar Fas, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1981. Saurayin da ya ga datse gefe yana kawo kuɗi cikin 'yan watanni, da wuya ka shawo kansa ya zauna shekaru yana koyon sarar hatimi.