Ko Kun Sani? Jirgin Tama na Muritaniya

Jirgin ƙasan da ke jigilar tama, wato dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe, daga mahaƙar Zuwerat zuwa tashar jiragen ruwa ta Nuwadibu a Muritaniya yana cikin mafiya tsawo a duniya, domin yakan ja taragu wajen 200, tsawonsa kuwa yakan haura kilomita 2. An buɗe wannan layin dogo mai kilomita 704 a shekarar 1963, kuma kamfanin SNIM ne ke tafiyar da shi.

Ko da yake akan haɗa masa taragon fasinja, a da matafiya masu goyon jaka daga ƙasashen waje sukan zo daga garin Atar a motar haya zuwa tashar jirgin da ke Shum, inda sukan hau saman tulin tamar kyauta, su naɗa rawani su sa tabarau saboda ƙura, sannan su kwana cikin tsananin sanyin Sahara. Ga mazauna hamadar kuwa, wannan jirgi shi ne hanyar kai kifi, dabbobi da kayan masarufi zuwa garuruwan da kwalta ba ta kai ba.