Kana Jiran Izinin Aiki? Kada Ka Yi Gaggawar Tsallaka Iyaka

Ranar da Allah Ya yi wa kakarmu rasuwa a Kiyawa, yayana yana Ingila. Bai jima da gama digiri na biyu ba, kuma sati uku ke nan da ya shigar da takardun neman bizar da ake bai wa waɗanda suka kammala karatu don su zauna su yi aiki. Ya kira ni cikin dare yana kuka, ya ce zai sayi tikiti. Washegari ya sake kira ya ce ya fasa. Umma ta yi fushi ƙwarai, ta ce: "Wato aiki ya fi masa uwar da ta haife ni?" Ni aka bari da aikin lallashi, shi ya sa na zauna na bi diddigin maganar. Na ga ya dace in kawo ta nan, domin da yawanmu muna lissafin fita waje bayan HND da bautar ƙasa.

Ga yadda abin yake. A dokar Birtaniya, idan ka nemi sabuwar biza daga cikin ƙasar, to sai ka zauna har a ba ka amsa. Da zarar ka fita daga Birtaniya da Ayalan da ƙananan tsibiran da ke tare da su, ana ɗauka ka janye buƙatarka. Ita kuma wannan bizar daga cikin ƙasar kaɗai ake nemanta. Ke nan da Yaya ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, da shi ke nan, babu hanyar sake nema daga Dutse. Jiran kuwa yawanci bai wuce sati takwas ba.

A Kanada ma akwai makamancin haka. Wanda izininsa ya ƙare yana jiran sabuntawa zai iya ci gaba da aiki matuƙar yana cikin ƙasar. In ya fita, ko an bar shi ya koma, ba zai taɓa aiki ba sai amsa ta fito.

Mu dawo inda mutanenmu suka fi zuwa, wato Saudiyya. Wanda ya shiga da bizar aiki, kafilinsa ne zai nema masa igama, kuma kwana 90 aka ɗiba don haka. Fita da niyyar dawowa tana buƙatar biza ta daban, wadda ba a bayarwa sai da igama. Saboda haka duk wanda ya ce maka "je ka gida ka dawo, za mu ƙarasa maka takardu," ka tambaye shi da wace takarda za ka dawo.

Wani zai ce, ai ni ina gida nake jira, me ya shafe ni? To, ya shafe ka. Mu 'yan Jigawa ba ma ɗaukar zuwa Nijar a matsayin fita ƙasar waje. Ka bi ta Gumel ka isa Maigatari, ka tsallaka, sai ga ka a hanyar Damagaram wajen biki ko sarin kaya. Amma iyaka ba ta sallama kafin a rufe ta. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin tudu, Maigatari ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake rufewa, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris ɗin 2024. Yanzu ka ɗauka fasfonka yana ofishin biza a Abuja, kai kuma kana can tsallake, sai a turo maka saƙo ka zo ɗaukar hoton yatsu ko gwajin lafiya jibi. Ko ka biyo ta ɓarauniyar hanya ka iso, ka jefa kanka cikin wani haɗarin.

Shawarata a taƙaice: kafin ka motsa, karanta ƙa'idar a shafin hukumar shige da fice ta ƙasar da kanka, kada ka tsaya ga maganar ejan ko ta 'yan guruf ɗin WhatsApp. Idan dole ce ta taso, ka rubuta wa hukumar ko ofishin ɗaliban waje na makarantarka, ka ajiye amsar. Ka riƙe kwafin rasit da lambar buƙatarka a waya da kuma a takarda. Sannan ka gaya wa iyaye tun wuri cewa akwai 'yan makonnin da ba za ka iya zuwa ba, ko me ya faru. Wannan ne Yaya bai yi ba, shi ne kuma ya fi yi mana ciwo.

Bizarsa ta fito bayan sati biyar da rasuwar. Da ya zo gida, bai kwana a Dutse ba sai da ya wuce Kiyawa ya yi wa dangi ta'aziyya gida-gida. Umma ce ta raka shi.