Labarin Mutanen Niyandatal da Abin da Ƙasusuwansu Suka Shaida

Akwai waɗansu mutane da suka zauna a ƙasashen Turai da yammacin Asiya tun kimanin shekara 400,000 da suka shige, har ƙarshensu ya zo kimanin shekara 40,000 baya. Ba su bar rubutu ko kufai ba. Ƙasusuwansu da kayan aikinsu suka rage, su ne masana su ke dubawa su fitar da labari.

Asalin sunan kuwa, a shekarar 1856 ne masu fasa dutse a ƙasar Jamus suka tono ƙoƙon kai da waɗansu ƙasusuwa masu kauri cikin wani kogo a kwarin Niyanda, kusa da birnin Duseldof. Suka zaci na naman jeji ne, sai wani malamin makaranta mai suna Johann Fuhlrott ya duba, ya ce na mutum ne, amma ba irin mutanen wannan zamani ba. Daga sunan kwarin aka kira su Niyandatal.

Siffarsu ita ce gajarta da kauri. Namijinsu ya kan kai ƙafa 5 da inci 5, nauyinsa kusan kilo 78. Suna da faɗin ƙirji da faɗin ƙugu, da gajeren ƙwauri, da babban hanci, da tudun ƙashi bisa gira, ba su kuwa da tsinin haɓa. Ƙwaƙwalwarsu ta kai girman ta mutanen yau, ta waɗansunsu ma ta fi. Hikimar wannan ƙira a bayyane ta ke, domin sun yi zamani da tsananin sanyi, lokacin da ƙanƙara ta sha rufe arewacin Turai. Jiki gajere mai kauri ya fi riƙe ɗumi, kamar yadda malmalar tuwo ta kan daɗe da zafi fiye da wanda aka baje a faranti.

Ƙarfinsu ma a ƙashi a ke ganinsa, gama ƙashi ya kan ƙara kauri gwargwadon aikin da ya sha. Ƙashin damtsensu na dama ya fi na hagu kauri ƙwarai, alamar sukar mashi da kankarar fata shekara da shekaru. Haƙoransu na gaba sun cinye, saboda da su su ke riƙe fata ko nama hannu na yanka. Suna farautar dawakan jeji da ɓauna da manyan bareyi, har da giwa. A 1948, a wani wuri mai suna Leringen cikin Jamus, an sami mashin itace mai tsawon kusan ƙafa 8 tsakanin haƙarƙarin wata giwa da ta mutu kimanin shekara 125,000 da suka wuce. Suna hura wuta, suna kuma ƙona ɓawon wani itace su fid da baƙin ƙaro, su liƙa kaifin dutse a ƙota.

To, amma wannan ƙarfi yana da tsada. Jiki mai yawan tsoka a ƙasar sanyi ba ya ƙoshi da kaɗan, wanda kuwa zai soki ɓauna da hannu dole ya matso kusa da ƙahonta. Saboda haka ƙasusuwansu da yawa suna ɗauke da tabon karaya wadda ta warke.

Babbar hujja ita ce mutumin da Ralph Solecki, wani masani Ba'amurke, ya tono a 1957 cikin kogon Shanidar, a ƙasar Kurdawa ta arewacin Iraƙi. An taɓa bugunsa a gefen fuska na hagu har ƙashin ido ya fashe. Hannunsa na dama ya shanye, ya guntule daga wajen gwiwa. Yana ɗingishi, kunnensa kuma ya yi nauyi. Duk waɗannan raunuka sun warke tun yana da rai, ya kuma kai shekara 40 ko kusa da haka, wanda tsufa ne a wurinsu. Mai hankali ya san irin wannan mutum ba shi da ikon bin ɓauna, ba ya ko jin motsin kura a bayansa. Lalle akwai waɗanda suka yi jinyarsa, suka raba nama da shi, suka jira shi a tafiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, nasa kuwa ɗaya ne tak, 'yan'uwansa suka cika masa sauran.

Ashe abin da ya riƙe su shekaru dubbai shi ne ƙarfin jiki haɗe da taimakon juna. Rauninsu kuwa ƙarancin jama'a. Binciken ƙwayoyin gado na waɗanda aka tono a duwatsun Altai na Saiberiya, wanda aka bayyana a 2022, ya nuna ƙungiyarsu ba ta wuce mutum 10 zuwa 20 ba. Jama'a kaɗan haka, fatara ɗaya ko ciwo ɗaya na iya share ta. Sa'an nan mutane irin na yau suka shigo daga Afirka, suka yaɗu, suka haɗa zuriya da su. A 2010 Svante Pääbo da abokan aikinsa suka tabbatar da wannan haɗuwa, yau kuwa Turawa da mutanen Asiya suna ɗauke da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na gadon Niyandatal, mutanen Afirka kuma ƙasa da haka. Masu ƙarfin suka narke cikin masu yawa, gama sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.